Sos ɗin sitiroberi: a sa sitaci ko a bar wuta ta yi aikinta?

Maman_Nawwara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masana kayan zaƙi ce. Sos ɗin sitiroberi da ake kwararawa a kan askirim, kek ko yogot, shin dole ne sai an sa masa sitacin masara kafin ya yi kauri? Wasu na cewa in ba a sa ba tsululu zai fito, wasu kuma na cewa sitacin ne ke kashe masa launi da ɗanɗano. Sannan ina son ma'auni takamaimai: ga giram 500 na sitiroberi, sukari nawa, lemon tsami nawa, minti nawa a kan wuta? Don Allah ban da "a sa daidai misali".

Anti_Bilki:
Wa'alaikumus salam. Ba dole ba ne. Ga giram 500 ki auna sukari giram 75, ruwan lemon tsami babban cokali 1, da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka. Ki wanke 'ya'yan tun ganyen yana kansu, ki tsane su, sannan ki cire ganyen. In aka cire kafin wanki ruwa yakan shige ta inda aka yanke, ga shi dama kusan kashi 91 cikin 100 na sitiroberi ruwa ne, ba ya neman ƙari. Manyan ki raba su huɗu, ƙananan biyu. Ki barbaɗa sukarin, ki jujjuya, ki rufe ki bar shi minti 30. Sukarin zai tsotso ruwan jikinsu har ki ga jan ruwa ya taru a gindin kwano. Da wannan ruwan za a dafa, kar ki ƙara ko ɗigo ɗaya.

Ki juye a tukunya mai faɗin baki, wuta matsakaiciya har ya tafaso, sai ki rage ya riƙa ɓararraka a hankali minti 12 zuwa 15, tukunyar a buɗe. Lemon tsami a minti biyun ƙarshe. Zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma wannan raguwar ita ce kaurin. Rufe tukunya shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin tururin da ya kamata ya tafi sai ya taru a murfi ya koma ciki.

Kuku_Habu:
Anti_Bilki, ma'auninki daidai ne, amma fa ya danganta da abin da za a zuba wa. A kan askirim ko yogot naki ya wadatar. A kan kek ɗin cuku kuwa, wanda ake so sos ya zauna a sama ba ya gangarowa gefe in an yanka, dahuwa kaɗai ba za ta kai shi nan ba sai an dafa ya kusa zama jam. Dalili shi ne sitiroberi ba shi da fektin da yawa, wato sinadarin cikin 'ya'yan itace da ke sa jam ya kama, ba kamar tuffa ba. A nan sitaci ke da rana: babban cokali 1 ga giram 500, a dama shi da ruwan sanyi babban cokali 2, a zuba a hankali ana juyawa, a bar shi ya tafasa minti 1. Shi ke nan. Dahuwar gaba ɗaya ba za ta wuce minti 7 ba, 'ya'yan ma ba su narke ba.

Ummu_Sadik:
Babban cokali ɗaya ya yi yawa, Malam Habu. Yana kan wuta zai yi kyau, amma ka sa shi a firiji ya kwana ka ga ikon Allah, sai ya daskare a ɗebo shi guda-guda. Ƙaramin cokali 2 ya isa.

Kuku_Habu:
Ga na kwararawa, na yarda, ƙaramin cokali 2. Babban cokalin na saman kek ne, daskarewar ai ita ake nema a can.

Zee_Kitchen:
Mai son sa sitaci ya kiyaye abu uku. Kar a taɓa barbaɗa garin kai tsaye cikin abu mai zafi, nan take wajensa zai dahu ya kulle busasshen gari a ciki, gudajin da ba ya narkewa ke nan. Na biyu, in an dama shi aka ajiye yakan kwanta a ƙasa, sai an sake motsa shi dab da zubawa. Na uku, dole ya tafasa, in ba haka ba za a ji ɗanɗanon ɗanyen gari a harshe kuma launin ya yi hazo-hazo. Amma kuma kar tafasar ta daɗe, don zafi da tsami in suka haɗu suka jima suna tsinka sitaci, sos ɗin da ya yi kauri sai ka ga ya koma ruwa. Minti ɗaya zuwa biyu, a sauke.

Maman_Nawwara:
Na gode ƙwarai. To maganar launi fa? Me ke sa wani ya fito ja wur, wani kuma ya yi duhu kamar ruwan ƙasa?

Malam_Sinadari:
Hajiya, jan da ke jikin sitiroberi wani sinadari ne da ake kira antosayanin, kuma ba ya jure doguwar wuta. Duk mintin da aka ƙara, ana ƙara rushe shi, jan ya riƙa komawa ruwan ƙasa. Tsami ne ke tsare shi. In tsamin ya yi ƙasa launin yakan karkata zuwa shunayya mai duhu, shi ya sa mai sa bakin soda don rage tsami yake ganin abin ya koma toka-toka. Saboda haka ni ina da ja a kan sa lemon tsami a ƙarshe kamar yadda Anti_Bilki ta ce. A sa shi tun wurin jiƙawa da sukari, ya tsare launin tun daga farko, kuma yana taimaka wa ɗan fektin da ke ciki ya fito ya kama.

Anti_Bilki:
Malam, in aka dafa lemon tsami minti 15 ƙamshinsa ya tafi, tsamin kawai ya rage. Ƙamshin nan shi ke farkar da ɗanɗano.

Malam_Sinadari:
To a raba gardama, rabin cokali a farko, rabi bayan an sauke.

Hajiya_Rabi55:
Kun manta tukunya. Ta sanholo da ba a yi wa rufi ba da ta baƙin ƙarfe duk suna faɗa da tsami. Su dusashe launi, su bar ɗanɗanon ƙarfe a baki. A yi amfani da ta sitenles, wato ƙarfe mara tsatsa, mai kaurin gindi don kar sukari ya kama. Kuma faɗin baki ya fi zurfi amfani. Giram 500 a kasko mai faɗin santimita 28 zai ƙafe da sauri fiye da a 'yar tukunya mai zurfi, gajeriyar dahuwa kuwa ita ce launi mai kyau. Haka in za a ninka ma'auni zuwa kilo 1, kar a ɗura shi a tukunya guda a yi ta jira, gara a dafa shi kashi biyu.

Dan_Gidan_Kek:
Akwai hanya ta uku da ba a ambata ba, kuma a ganina ta fi duka biyun. Bayan jiƙawa da sukari, amma a bar shi awa 1 maimakon minti 30, sai a juye a rariya a tace jan ruwan daban. Ruwan kaɗai za a ɗora a wuta mai ɗan ƙarfi ya ƙafe zuwa rabi, minti 5 ko 6, ya zama kamar zuma mai ruwa-ruwa. Sannan a zuba 'ya'yan su yi minti 2 zuwa 3 kacal. Da haka an samu kauri ba tare da sitaci ba, 'ya'yan suna nan da siffarsu, ƙamshin ɗanyen sitiroberi bai gudu ba. Aibinsa ɗaya: 'ya'yan za su sake sakin ɗan ruwa in ya huce, don haka a ƙafar da ruwan ya ɗan zarce yadda ake so.

Zee_Kitchen:
Wannan ta yi. Sai dai a tsaya a kansa, ruwan sukari kaɗan a faffaɗan kasko ba ya da wuyar ƙonewa. Da an ga kumfar ta zama manya-manya tana fashewa a hankali, lokaci ya yi.

Fa'iza_M:
Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Daskararre na firiza zai yi?

Ummu_Sadik:
Zai yi sarai, wani lokacin ma ya fi ɗanyen da aka tsinka bai nuna ba. Sitiroberi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, in fari ne a ciki haka zai tabbata. Na firiza kuwa galibi nunanne ake daskarar wa. Bambancin shi ne ƙanƙara ta riga ta farfasa naman, don haka ruwa yake saki da yawa kuma yakan yi laushi da wuri. Ba sai an jiƙa da sukari ba, ba kuma sai an jira ya narke ba. A zuba shi a tukunya da sukarin, ƙaramar wuta har ya saki, sannan a ƙara wuta. A ƙara kamar minti 5 a kan lokacin da aka faɗa. In kuma an riga an narkar da shi a kwano, kar a zubar da ruwan da ya fito, rabin ɗanɗanon yana cikinsa. A duba leda kuma, wasu da sukari a ciki ake sayar da su.

Kuku_Habu:
Kuma da daskararre ne sitaci ya fi amfani, tunda ruwan ya yi yawa. In za a jira wuta ta ƙafar da shi, launin ya riga ya tafi.

Anti_Bilki:
Malam Habu dai ba zai saki sitacin nan ba.

Hajiya_Rabi55:
Ni maganar sukari nake son a koma wa. Giram 75 ba doka ba ce. Nunanne mai zaƙi giram 50 ya ishe shi, mai tsami yakan ci har 100. A fara da 50, a ɗanɗana bayan minti 8, a ƙara in da buƙata. Amma a sani abu mai zafi ya fi nuna zaƙi a harshe, in ya yi sanyi zaƙin yakan ja baya. Don haka a ɗiba a cokali a bar shi ya huce kafin a yanke hukunci. A kuma dubi abin da za a zuba wa. Askirim ya riga ya cika da sukari, sos mai ɗan tsami ne zai dace da shi. Yogot mara sukari kuwa yana son mai zaƙi.

Maman_Nawwara:
Hajiya, zuma fa a madadin sukari?

Hajiya_Rabi55:
Za ta yi, 'yata, amma ta fi sukari zaƙi, kashi uku cikin huɗu na ma'aunin ya isa. Tana da nata ruwan, don haka sos zai ɗan fi sakewa, kuma mai ƙarfin ƙamshi takan danne sitiroberin. A zaɓi fara mai sauƙin ƙamshi.

Malam_Sinadari:
Yadda za a gane ya yi ba tare da kintace ba: a sa ƙaramin faranti a firiza tun kafin a kunna wuta. In ana zaton ya kai, a ɗiga rabin cokali a kai, a jira daƙiƙa 30, a karkata farantin. In ya gangaro a hankali ya bar sawu, ya yi. In ya zubo kamar ruwa, da saura. In an tura shi da yatsa ya yi tamoji, an wuce gona da iri, an shiga jam. Mai ma'aunin zafi kuma ya sani jam yana kamawa a wajen digiri 104 zuwa 105 na ma'aunin Celsius, sos kuwa a tsaya a 101 ko 102. Abin da ke yaudarar mutane shi ne sos mai zafi kullum ruwa-ruwa yake, sai ya huce kaurinsa na gaskiya ke bayyana. A sauke shi tun yana ɗan ƙasa da yadda ake so.

Dan_Gidan_Kek:
Ƙarin bayani, Malam: waɗannan alƙaluman na inda ruwa ke tafasa a digiri 100 ne. A wuri mai tudu sosai ruwa yana tafasa ƙasa da haka, kusan digiri 1 a duk hawan mita 300. Farantin sanyi ya fi aminci.

Malam_Sinadari:
Gaskiya ne, na karɓi gyara.

Fa'iza_M:
To in an riga an wuce, ya yi kauri da yawa?

Zee_Kitchen:
Ruwan zafi babban cokali ɗaya-ɗaya, ana juyawa a kan ƙaramar wuta har ya saki. Ruwan lemon zaƙi ma yana yi, ya ƙara ƙamshi. Wanda ba shi da magani shi ne wanda ya kama a gindi. In hakan ta faru kar a kankare, a juye na saman a wata tukunya nan take a ɗanɗana. In ƙaurin ya riga ya shiga, sai haƙuri.

Sadiya_Bakes:
Ba wanda ya yi maganar mai santsi, wanda ake yi wa faranti ado da shi. Shi ba ya son doguwar dahuwa ko kaɗan: minti 5 don sukari ya narke 'ya'yan su yi laushi, a bar shi ya sha iska, a markaɗa, a tace da rariya mai ƙananan ido ana dannawa da bayan ludayi. Ɗan sitiroberi guda yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi wajen 200 a bayansa, in ba a tace ba za a ji su kamar yashi. Abu biyu game da bilenda. Kar a zuba mai zafi a rufe ruf, tururi zai cilla murfin ya ƙona mutum. Sannan doguwar markaɗa tana cusa iska, jan ya koma ruwan hoda mai kumfa. Daƙiƙa 20 zuwa 30 ta isa. In ya riga ya yi fari-fari, a mayar da shi wuta minti 2 ko a bar shi ya kwana a firiji, iskar za ta fice.

Ummu_Sadik:
Mai son tsaka-tsaki kuma ya kwashe rabin 'ya'yan ya markaɗa ya mayar cikin sauran. Naman da aka markaɗa shi kansa kauri ne. Kun ga wata hanyar da ba sitaci.

Kuku_Habu:
Kun taru a kaina ke nan. To bari in faɗi inda sitacin masara ba ya da kyau da bakina: firiza. In aka daskarar da sos mai sitacin masara aka narkar, yakan tsinke, ruwa gefe guda, dunƙule gefe guda. Wanda zai adana a firiza ya sa sitacin rogo, ya fi jure sanyi kuma ya fi sheƙi, ba ya yin hazo. Sai dai in ya yi yawa yana yauƙi, kuma ba ya son tafasa mai tsawo, da ya yi kauri a sauke. Ko kuma a daskarar da shi ba sitaci, ranar amfani a ɗumama a sa.

Maman_Nawwara:
Tunda an zo adanawa, kwana nawa yake yi?

Anti_Bilki:
A firiji mai sanyin digiri 4 ko ƙasa, cikin kwalba mai tsabta da murfi, kwana 5 zuwa 7. Kar a auna shi da jam. Jam yana daɗewa ne don sukarinsa yakan kai nauyin 'ya'yan ko kusa da haka, namu kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Kar ya wuce awa 2 a waje bayan an sauke, kuma kar a rufe kwalba yana tururi, gumin da zai taru a murfi yana jawo fumfuna. Cokali mai tsabta duk ɗiba. In an ga fumfuna ko an ji warin tsami da 'yar kumfa, a zubar da duka, kwashe sama ba ya tsarkake na ƙasa. A firiza wata 3 ba tare da ɗanɗano ya canza ba. A bar sarari kamar santimita 2 a saman mazubi don yana kumbura, ko a zuba a farantin ƙanƙara a riƙa ɓallo gwargwadon buƙata.

Hajiya_Rabi55:
Kuma kar wani ya ɗura shi a kwalba ya ajiye a kanta yana cewa ai an dafa. Adanawa a waje aiki ne daban mai nasa ƙa'idojin, kuma mai sitacin masara ba ya shiga ciki sam, domin kaurin yana hana zafi ratsa tsakiyar kwalba.

Sadiya_Bakes:
Kumfar da ke tasowa farkon tafasa fa, ku kuna kwashewa? Ba ta cutarwa, amma tana bar wa sos fari-fari a sama. A kwashe da cokali, ko a jefa bota rabin ƙaramin cokali ta kwantar da ita.

Zee_Kitchen:
Kwashewa ta fi. Bota takan daskare ta yi ɗige-ɗige in ya shiga firiji. Kayan ƙamshi kuma: banila rabin ƙaramin cokali bayan an kashe wuta, don zafi yana kore ta. Masoro ɗan kaɗan yana fito da ɗanɗanon sitiroberi yadda ba a zato. Ganyen na'ana'a a jefa bayan an sauke, minti 10 a tsame, in ya daɗe yana baƙi. A zaɓi ɗaya dai, kar a tara su duka.

Dan_Gidan_Kek:
Wanda zai murɗa shi cikin askirim ya daskarar, ba zubawa a sama ba, ma'aunin nan ba zai yi masa ba. Ruwan ya yi yawa, zai zama tsinken ƙanƙara a haƙori. Sai an ɗaga sukari zuwa giram 150 ko fiye a kuma ƙafar da shi sosai, domin sukari ne ke hana shi daskarewa tauri. Kuma sai ya yi sanyi ƙalau kafin ya taɓa askirim ɗin. Haka ma saman kek ɗin cuku, mai ɗumi yana narkar da fuskarsa.

Kuku_Habu:
Banda mai sitacin da ake so ya kama a kan kek. Shi ana shimfiɗa shi ne da ya huce amma bai shiga firiji ba. In ya riga ya daskare a kwano, shimfiɗa shi sai ya farfashe, ba zai yi sumul ba.

Maman_Nawwara:
Allah ya saka da alheri. Abin da na fahimta: na askirim da yogot ba sitaci, na saman kek da sitaci. Amma hanyar Dan_Gidan_Kek ta tace ruwa a dafa daban, ba za ta iya zama a kan kek ba in an ƙafar da ruwan sosai?

Dan_Gidan_Kek:
Za ta zauna in ranar za a ci. Kwana ɗaya a firiji, ruwan zai fara tsattsafowa gefe.

Anti_Bilki:
Sai dai in an ƙara fektin. Kwatan sitiroberin ya zama wanda bai gama nuna ba, ya fi fektin, ko a ƙulle 'ya'yan lemon tsami da farin ɓawonsa a ƙyalle mai tsabta a jefa cikin ruwan yana dahuwa, a tsame kafin a zuba 'ya'yan.

Kuku_Habu:
Farin ɓawon nan yana ɗaci in ya wuce minti biyar, Anti. Duk wannan wahalar don a guje wa cokali ɗaya na sitaci?

Ummu_Sadik:
Ƙaramin cokali biyu, Malam Habu. Mun gama wannan tun ɗazu.